Iskar da Ta Turo Jirgin Auta

Tela bai taɓa hawa jirgin sama ba, amma a duk layinsu babu wanda ya kai shi sanin yadda jirgi yake tafiya. Sai fa maƙwabcinsa Mai Agogo, wanda shi ma ko matakalar jirgi bai taɓa takawa ba.

Shagunansu jingine suke da juna, katako ɗaya ya raba su. Katakon yana da wata ɓula daidai saman keken ɗinkin Tela, kuma ta nan musu yake shiga da fita tun safe har a tashi. Tela ya ce duniya shimfiɗe take kamar teburin da yake yanka yadi a kai. Mai Agogo ya ce dunƙule take kamar lemo, kuma juyawa take yi ba dare ba rana. Sun fara wannan musu tun gashin kansu yana baƙi ƙirin. Yanzu Tela ya yi furfura, shi kuwa Mai Agogo gashin ma ya gaji da sauraro ya kama gabansa.

Kada ka ɗauka gaba suke yi. Wurin mai shayi ɗaya suke aikawa, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da Mai Agogo, Tela ne ya fara zuwa dubiya. Ya zauna a bakin gado, ya dubi kofin maganin da ke gefe, ya ce, "Da duniyar taka juyawa take yi, da tuni wannan ya kife maka a jiki." Mai Agogo ya yunƙura ya tashi zaune don ya ba da amsa. Matarsa ta ce daga ranar ya fara samun sauƙi.

A wajen ɗinki kuwa, a ba Tela haƙƙinsa, gwani ne. Yana da wata ƙa'ida da yake tinƙaho da ita: bai taɓa ɗinka rigar yaro bai bar rara a cikin kalmasa ba, yatsa uku cur, a naɗe a ɓoye. In yaro ya ƙara tsawo sai a warware, riga ta bi shi. Yakan ce wa iyaye, "Yaro ba ya jiran tela. Wanda bai bar rara ba, bai iya aikin ba." Yana da wata magana kuma game da kekensa na hawa. Kullum da safe in zai zo shago sai ya yi ta dannawa kamar mai hawan tudu, rigarsa tana kumbura a baya. Da yamma kuwa kafin ya ankara ya ga ƙofar gidansa. Yakan ce hanyar gida ta fi kusa, don yunwa ce take tuƙa keken. Bai taɓa neman wani bayani bayan wannan ba.

'Yarsa ɗaya tal a duniya. Ana ce mata Auta duk da ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. Ta yi aure, aiki ya kai mijinta wata ƙasa can yamma, bayan teku, ta bi shi, can ta haihu. Jikar har ta fara gudu tana surutu, amma Tela bai taɓa jin nauyinta a hannunsa ba. A waya kawai yake ganinta, tana leƙowa tana gudu. Wannan abu yana cin ransa, ko da yake da wuya ka ji ya faɗa.

Akwai kuma wani abu da matarsa ba ta manta ba. Ranar da Auta za ta tafi, sun raka ta filin jirgi. A bangon zauren jira akwai wata ƙatuwar taswirar duniya, a shimfiɗe kuwa kamar yadda Tela yake so. Ya kama wani bawan Allah da bai san shi ba yana nuna masa hujja. Da Auta ta kai bakin ƙofar shiga, ta juyo ta ɗaga hannu, ƙeyar ubanta ta gani.

To, sai ga labari. Uwar mijin Auta ba ta da lafiya a wani gari mai nisa, Auta za ta je duba ta tare da yarinyar. Jirginsu zai sauka a filin jirgin garin su Tela, su canza wani su wuce. Tsakanin sauka da tashi akwai ɗan lokacin da za ta iya fitowa zaure ta gaisa da iyayenta.

"Baba, don Allah ka zo da wuri," in ji ta a waya. "Ba zama zan yi ba, wucewa zan yi. So nake ka ɗauke ta ko sau ɗaya ne."

"Haba Auta, ni za ki gaya wa? Kafin ki sauko ina tsaye."

A ranar ya yanko yadi mafi kyau a shagon, ruwan hoda mai ƙananan furanni. Ya ƙura wa hoton jikar ido, ya ƙiyasta awo, ya fara ɗinka mata riga. Ya bar rararsa a kalmasa, yatsa uku.

Ranar tafiyar da asuba saƙo ya shigo: sun shiga jirgi. Matarsa ta kawo masa shayi, ta ce, "Baban Auta, ƙarfe uku fa ta ce za su sauka. Mu bar nan da azahar."

Tela ya ajiye kofin. "Uku? Wa ya ce uku?"

"Ita ta ce. Haka aka rubuta mata."

"Da za ta tafi, awa nawa ta yi a sama? Sha biyu. Ni na lissafa da kaina, daga ɗaga hannunta har kiran da ta yi mana."

"Ɗaga hannun da ba ka gani ba?"

Ya yi kamar bai ji ba. "Yanzu ta shiga da asuba. Ɗora sha biyu a kai. Ƙarfe biyar ke nan na yamma."

"Ta ce dawowa ta fi sauri. Wai akwai wata iska can sama da take turo jirgi ta baya in ya nufo gabas."

Tela ya yi dariya har da buga cinya. "Iska! Jirgin da ya fi gidan nan girma, cike da mutane da akwatuna, iska za ta tura shi kamar ledar burodi? Maman Auta, yadi ɗaya ne. Ki auna shi daga dama, ki auna shi daga hagu, tsawonsa bai canza ba. Hanyar da ta kai ta ita za ta dawo da ita."

"To na ji. Amma mece ce asararka in mun je da wuri?"

"Maɓallan rigar ban sa ba tukuna."

"Ai shi ya sa aka ce ba a fafe gora ranar tafiya," in ji ta, ta kwashe kofin tun bai shanye ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da wataƙila azahar na yi ya bi matarsa, yana gunaguni amma yana tafiya. Sai dai Tela ba ya iya riƙe hujja mai daɗi a ciki. Yana buɗe shago, tun bai kaɗe ƙurar keken ɗinki ba, ya kai baki ɓular katako.

"Mai Agogo! Ka ji sabuwa. Wai iska ce za ta rage wa jirgin Auta awa biyu."

Mai Agogo ya cire gilashin ido ɗayan nan da yake duba cikin agogo da shi, ya zagayo da lemonsa a hannu. Yana da lemo na musamman don wannan aiki, in ya bushe ya sayi wani. Ya ari allurai biyu daga teburin Tela, ya soka ɗaya a nan ɗaya a can.

"Wannan garinmu, wannan garin Auta. Duniya tana juyawa ta nufi gabas, ko? To jirgin da ya taso daga yamma, garinmu gudu yake yi a gabansa, shi yana bin sa. Yaya za a yi ya iso da wuri? Ai ƙara lokaci ma zai yi. Ni a lissafina sai ƙarfe shida."

"To ukun da aka rubuta mata fa?"

Mai Agogo ya yi murmushin wanda aka tambaya a fagensa. "Agogonsu daban, namu daban. Sun cakuɗa lissafi ne. Ni da nake kwana da agogo nake tashi da agogo, ni za a gaya wa?"

A ƙa'ida, duk abin da ya fito daga lemon nan Tela yakan ƙaryata shi tun bai gama fitowa ba. Amma yau faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya ce, "Lemonka dai ƙarya ne. Amma batun uku, ka yi gaskiya, babu shi."

Mai shayi, da ya zo karɓar kofuna, ya tsaya da tire a hannu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Tela da Mai Agogo sun yarda da juna? Yau kam akwai abin da zai faru a layin nan."

Nan da nan kuwa suka gyara kuskuren. Tunda uku ta fita daga lissafi, sai musu ya koma tsakanin biyar da shida. In jirgi ya sauka ƙarfe biyar, duniya teburi ce. In ya kai shida, lemo ce. Shekara da shekaru suna jiran alƙali, yau ga shi yana tahowa ta sama. Mai wanki ya baro guga ya zo, mai gyaran takalmi ya jawo bencinsa. Tela ya zauna yana sa maɓalli yana zuba, allura ta shiga sau ɗaya, baki ya yi goma.

Da azahar tasi ta tsaya a ƙofar shago. Matarsa ce, ta ci ado, ta leƙo ta taga.

"Baban Auta, taso mu tafi."

"Saura maɓalli biyu."

"Kawo ta haka. Yarinyar ba maɓalli ta zo gani ba."

Gaskiyar magana, a wannan lokacin wani abu ya motsa a cikin Tela. Ya ji tsoro, tsoro na sosai. Ya tuna muryar Auta tana cewa ko sau ɗaya ne. Har ya kai hannu zai naɗe rigar. Sai ya ɗaga kai ya ga idon Mai Agogo a ɓular katako, ga mai wanki, ga mai gyaran takalmi, kowa yana jira. In ya shiga tasin nan yanzu, ya yarda da iska ke nan a gaban jama'a.

"Ni in kai wa jikata riga ba maɓalli, a ce kakanta tela ne? Yi gaba, ki je ki ɗumama musu benci. Zan same ki."

"Jirginsu na biyu fa ba zai jira ka ba."

"Zai jira na farko ai. Mota ma ba ta tashi sai ta cika."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce wa direba su tafi.

Maɓallan biyu ba su ɗauki lokaci ba. Ya goge rigar, ya ninke ta, ya sa a leda, ya ajiye a kan teburi. Da ya so, da ya bi bayanta a lokacin. Amma Mai Agogo ya riga ya jefo wata magana game da jirgin ruwa da yake nutsewa a ido in ya yi nisa, kuma Tela ba mutumin da zai bar irin wannan ta kwana ba ne.

Yana tsakiyar hujjarsa mafi ƙarfi waya ta fara ruri a aljihunsa. Hujjar da Mai Agogo bai taɓa samun amsarta mai gamsarwa ba ce, don haka Tela yakan ja ta a hankali.

"In har duniya juyawa take yi, me ya sa ake wahalar tafiya? A hau jirgi mai saukar ungulu, a tashi sama, a tsaya cak. Garin Auta ya juyo da kansa ya zo ƙarƙashinka, ka sauka. Ina amfanin man fetur?"

"Wayarka fa," in ji mai wanki.

"Maman Auta ce, zama ya ishe ta. Mai Agogo, ba ni amsa."

Wayar ta katse, ta sake kamawa, ta sake katsewa. Sai da Mai Agogo ya gama kame-kamensa, jama'a suka yi dariya, sannan Tela ya ciro ta cikin nishaɗi ya kara a kunne.

"Baba, kana ina?"

Ba matarsa ba ce. Muryar Auta ce, kusa, ba irin ta bayan teku mai jinkiri ba.

"Mun sauka tun ɗazu, ko ukun ma ba ta cika ba. Direban jirgin ya ce iskar yau da ƙarfinta. Baba, kana hanya ko?"

Daga bayanta ya jiyo wata 'yar siririyar murya tana tambayar wani abu. Bai san amsar da ya bayar ba. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ya fizgi ledar, ya fito ko shago bai rufe ba. Tasi babu ko ɗaya a layin. Mai Agogo ya jefar da lemon, ya turo tsohon babur ɗinsa, ya ce, "Hau!"

Filin jirgi yana can bayan gari, hanyar doguwa ce miƙaƙƙiya, babu gini babu bishiya. Suna fita daga cikin gidaje iska ta tare su gaba da gaba. Rigar Tela ta cika ta yi tim a bayansa. Ya rungume ledar a ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe hula. Babur yana ta kuka, amma fitilun gefen hanya a hankali suke wucewa.

"Ƙara wuta mana!"

"Na murɗe shi har ƙarshe!" Mai Agogo ya yi ihu ba tare da ya waiwayo ba. "Iska ce take danne mu! Da a bayanmu take da tuni mun isa!"

Maganar ta fita, ta kuma shiga kunnen mutum biyu. Tela ya tuna kekensa, ya tuna hawan safe da gangarar yamma a kan titi ɗaya wanda babu tudu ko kaɗan a cikinsa. Shekara nawa yana ɗora wa yunwa. Ya sunkuyar da kai a bayan Mai Agogo don iskar ta rage samun wurin kamawa.

Taswirar nan tana nan a bangon zauren jira, a shimfiɗe yadda ya bar ta. Bai kalle ta ba. Idonsa yana kan benci, inda matarsa take zaune ita kaɗai, jakarta a kan cinya.

"Ina suke?"

"Sun shiga. An kira su har sau biyu kafin ta yarda ta tashi."

Ya nufi ƙofar, mai gadi ya tare shi cikin ladabi ya ce ba a wucewa sai da tikiti. Tela, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya tsaya yana kallon ƙofar gilashi. Mutane ne kawai da akwatuna, babu wanda ya sani. Ya dawo ya zauna kusa da matarsa. Mai Agogo ya tsaya daga nesa.

"Ta yi fushi ko?"

"Da ta yi fushi ai da sauƙi. Ƙofa ta yi ta kallo. Daga ƙarshe ta ce, 'Mama, musu yake yi ko?' Ta yi dariya, ta goge ido."

"Yarinyar fa?"

"Tun a gida aka koya mata. Duk tsoho mai furfura da ya shigo sai ta nuna shi ta ce Kaka. Wani dattijo ma, da ta ruga ta riƙe masa ƙafa, ya ɗauke ta ya yi mata wasa. Mutumin kirki. Ya ce tana da nauyi."

Tela ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya tambaya, "In za su koma, ta nan za su biyo?"

"Ta wata hanya aka yankar musu tikiti."

Ta buɗe jakarta ta ciro wani farin zare, irin wanda take yawo da shi saboda ko-ta-kwana, an ƙulla shi a wuri biyu. Ta ɗora masa a tafin hannu.

"Auta ta ce a ba ka. Ita ta auna yarinyar da kanta, daga kafaɗa zuwa gwiwa. Ta ce tunda awo ka fi yarda da shi."

Ya zaro rigar daga leda, ya shimfiɗa ta a kan cinyarsa, ya ɗora ƙulli na farko a kafaɗa, ya ja zaren ƙasa. Rigar ta ƙare, zaren bai ƙare ba. Hoton da ya yi awo da shi ya kwana biyu, yarinya kuwa ba ta tsaya jiransa ba.

"Akwai rara," ya ce a hankali, kamar wani ya musa masa. "Na bar rara."

Ya laluba aljihu ya ciro 'yar rezarsa. Nan a kan bencin, mutane suna wucewa da kayansu, ya bi kalmasar yana tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Ya warware yatsa ukun gaba ɗaya, ya miƙar da bakin yadin da babban yatsa, ya sake ɗora zaren.

Saura yatsa biyu kafin rigar ta kai ƙulli na biyu, kuma babu sauran yadin da zai saki.